Janar McClellan da maganar bayi a yaƙin basasar Amurka

Kwana biyun nan akwai mutumin da ya ƙi fita daga raina, Janar George McClellan, wanda ya riƙe babbar rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka da ya ɓarke a 1861. Wajen tsara soja kam gwani ne, shi ya tattara sojojin da 'yan Kudu suka tarwatsa a gumurzun Bull Run ya mai da su runduna mai horo, yaransa kuma suna bala'in sonsa. Ra'ayinsa kan bauta ne yake ci min tuwo a ƙwarya.

Shi a wurinsa abu ɗaya ake yi wa yaƙin nan, a dawo da jihohin Kudu 11 da suka ɓalle ƙasa ta koma yadda take, shi kenan. Bayi kusan miliyan 4 da ke ƙasar ba sa cikin lissafinsa. Tun a watan Mayun 1861 da zai shiga yammacin Virginia ya fitar da sanarwa cewa ba wanda zai taɓa wa mutanen wurin bayinsu, in ma bayin suka yi bore to da ƙarfin tsiya zai murƙushe su. A Yulin 1862 kuma, bayan Janar Lee, kwamandan sojan Kudu, ya koro shi daga bakin Richmond, babban birnin 'yan tawayen, shugaba Lincoln ya je duba shi a sansanin Harrison's Landing, sai McClellan ya zaro wasiƙa ya miƙa masa hannu da hannu, a ciki yana cewa kada ma a yi tunanin 'yanta bayi da ƙarfin soja, wai in gwamnati ta ɗau ra'ayi mai zafi kan bauta sojoji watsewa za su yi. Lincoln ya karanta a gabansa bai ce masa komai a kai ba.

Gaskiya tsoron nasa ba na banza ba ne. Akwai jihohi huɗu masu bayi da ba su ɓalle ba, Kentucky, Maryland, Missouri da Delaware, ana ta lallaɓa su kar su bi Kudu, kuma sojojin Arewa da yawa don tuta suka fito ba don baƙar fata ba. Shi kansa Lincoln a Agustan 1862 ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley cewa in zai iya ceto ƙasar ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba zai yi, in kuma sai ya 'yanta su duka to zai yi.

Amma fa abin da na kasa haɗiyewa, ta yaya za ka ɗinke ɓaraka ka bar abin da ya yaga rigar? Bautar nan ita ta raba ƙasar, su kansu jihohin da suka ɓalle irin su Mississippi sun rubuta haka ɓaro-ɓaro a takardunsu na ɓallewa. Kuma bayin da yake cewa a bari, su ke noma abincin sojan Kudu, su ke haƙa musu ramukan yaƙi. Ka duba abin da ya faru a Fort Monroe, sansanin sojan Arewa a gaɓar Virginia, a Mayun 1861, wasu bayi uku da aka sa aikin gina wa 'yan tawaye wurin girke igwa suka saci jiki da dare suka shiga kwalekwale suka tsallaka wurin sojan Arewa, washegari aka turo hafsa da farar tuta wai a mayar wa ubangidansu da kayansa. Janar Butler, kwamandan sansanin, ya ƙi, ya ce tunda Virginia ta ce ta fita daga ƙasar to dokar mayar da bawa ba ta hau kansa ba. Wallahi duk sanda na tuna mutanen nan uku a tsakiyar ruwa cikin duhu, ba su san ko harbe su za a yi ko mayar da su ba, sai in ji wasiƙar McClellan ta ƙara yi min nauyi a zuciya.

Ranar 17 ga Satumban 1862 shi McClellan ɗin ne ya tare Lee a Antietam, mutum kusan 23,000 suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace a yini ɗaya, kuma da wannan nasarar Lincoln ya samu ƙafar tsayawa ya sanar da shelar 'yanta bayi bayan kwana 5. A Nuwamba aka sauke McClellan daga muƙaminsa. Ya fito takarar shugabancin ƙasa da Lincoln a 1864 ya ci jihohi 3 kacal, yawancin ƙuri'un sojoji ma Lincoln suka tafi.

Rundunar da ya ce za ta watse ba ta watse ba, baƙaƙen fata kusan 180,000 ma suka sa kaki suka shigo cikin sojan Arewa. A Afrilun 1865 da Richmond ta faɗi, garin da shi ya kasa shiga, suna cikin sahun farko da suka taka titunanta, bayin garin sun yi cincirindo a bakin hanya suna musu murna.