Ina gwada huhun iyayen wasu, Ummata na can tana tari

Har yau ban saba da ɗaga wa tsofaffi murya ba, alhali kusan rabin aikina kenan. Ina aiki a wani asibitin gwamnati a nan Ingila, sashen gwajin zuciya da huhu, mu ne masu haɗa marar lafiya da na'ura kafin likita ya ga rizot. ECG, wato gwajin bugun zuciya, ba ya ba ni matsala, waya goma ce, shida a ƙirji huɗu a hannuwa da ƙafafu, minti biyar an gama, duk da farkon zuwana ranar da aka miƙo mini reza in aske wa wani dattijo gashin ƙirji don abin ya manne sai da hannuna ya yi rawa don kunya.

Gwajin numfashi shi ne ke taɓa ni. Sifirometa ake kiran na'urar, za ka zaunar da mutum, ka matse masa hanci da ɗan kilif, ya ja iska har huhu ya cika sannan ya fesa da iya ƙarfinsa a cikin bututu, ana so ya kai kamar daƙiƙa shida bai tsaya ba, kuma sai an samu busawa uku masu kyau da suka yi kusa da juna. To mutum ba zai yi haka don kansa ba, sai kin tsaya a kansa kina ta ihu busa busa busa, ci gaba, kar ka tsaya! Ni da aka raina ko ido ba na haɗawa da babba, ga ni ina daka wa tsohuwa 'yar shekara tamanin tsawa, kuma da sunanta na yanka nake kiranta don haka suke so. Wadda ta koya mini aikin ta ce in na tausaya musu na yi magana a hankali cutarsu na yi, lambobin za su fito ƙasa da gaskiya a rubuta musu ciwon da ba su da shi. Gaskiya ta faɗa. Yanzu alhamdulillahi in an samu wanda ya kasa busawa ni ake kira, kuma ina alfahari da hakan sosai.

Amma fa akwai tarin da in na ji shi gabana faɗuwa yake. Su nan yawanci sigari ce ta cinye musu huhu, ko aikin ma'adinin kwal da masana'antu da suka yi da ƙuruciya. Za ka ga iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin ɗari na duka ba, a ba shi inhela, maganin shaƙa mai buɗe hanyar numfashi, a jira minti goma sha biyar a sake, lambar ta ƙi motsi. Umma ba ta taɓa riƙe sigari ba amma irin tarin nan take yi, tun ina firamare take suyar waina da icce a zaure, hayaƙin nan kullum asuba yana shiga mata, kuma hayaƙin icce yana toshe huhu kamar yadda taba ke yi. Da hunturu ya shigo ba ta iya ƙarasa min magana a waya sai ta tsaya ta huta.

Na yi magana har na gaji. Yaya sai ya ce ai sanyi ne, an sayo mata sirof a kemis, ta sha citta da zuma, ke da kike likita ki turo sunan magani kawai. Ni ba likita ba ce Yaya, ko a nan ba ni da izinin gaya wa marar lafiya abin da na gani a takarda, balle in rubuta wa mahaifiyata magani ta WhatsApp ba a auna ta ba. Abin da ke ƙona min rai, a nan mutum bai biya ko fam ɗaya ba ake masa gwajin, wani ma ya ƙi zuwa, ni kuma ina dawowa ɗaki da dare ni kaɗai in kunna saƙon muryarta ina lissafa inda numfashinta ke yankewa.

Jiya dai na tura kuɗin mota da na kati, na ce wa Yaya ko shago zai rufe ya rufe, ranar Litinin ya kai Umma asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya su nemi likitan ƙirji, kuma Hajiya ƙarama ta karɓi suyar kafin nan.