Godiya ga duk wanda ya zo filinmu ranar Asabar

Assalamu alaikum. Tun daren Asabar nake son rubuta wannan, amma duk lokacin da na ɗauki waya sai kalmomi su tsere min. Yau dai na ce ko ba daɗi sai na yi.

Alhamdu lillahi, wasan karramawar da yarana da tsofaffin abokan wasana suka shirya min a nan Birnin Kebbi, bayan dawowata daga kwas ɗin horar da 'yan wasa na NIS, wato Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, da ke Surulere a Legas, an yi shi lafiya an tashi lafiya. Na zaci mutum talatin ne za su zo. Ina isowa bayan la'asar na tarar 'yan kabu-kabu sun jera baburansu tun daga bakin titi, yara sun hau katanga, har daga Argungu da Jega an zo da mota.

Matasa da yawa a wurin sun san ni ne da usur a wuya, ba su san na taɓa sa lamba shida a baya ba. Shekara tara na yi ina cin abinci da ƙafata, daga ƙungiyar unguwa har zuwa gasar ƙasa. Rana ɗaya, a wasan waje, na tashi sama zan sa kai, na sauko a kan ƙafar hagu, na ji ƙas a gwiwa. Jijiya ce ta tsinke. Aka dawo da ni gida a kujerar bayan mota, but ɗina a cikin leda a kan cinyata.

A nan godiyata ta farko take, bayan ta Allah. Inna, ke kika sayar da tumakinki biyu aka kai ni asibiti, alhali da can ke ce mai cewa ƙwallo ba sana'a ba ce. Ranar Asabar kin zo fili karo na farko a rayuwarki, kika zauna a kujerar roba kina tambayar jikanki wane ɓangare ne namu. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Uwargida kuma, wadda ta riƙe gida da kuɗin ɗinki wata da watanni ba ta taɓa yi min gori ba, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Sai kocina na farko, wanda har gobe ba na iya kiran sunansa, Baba nake ce masa. A watan Fabrairun 2013 ya zo har gida ya ja ni gidan kallo, ina dogara sanda, mu ga wasan ƙarshe na kofin Afirka. Najeriya ta ci Burkina Faso ɗaya da nema a Afirka ta Kudu, kuma Sunday Mba, ɗan wasan gida mai buga wasa a gasar cikin Najeriya, shi ya zura ƙwallon. Ana ta ihu, shi kuwa Baba ya nuna min Stephen Keshi a bakin layi. Ya tuna min cewa mutumin nan ya ɗaga kofin yana kyaftin a Tunisiya a 1994, ga shi bayan shekara 19 ya sake ɗaga shi yana koci, kuma da 'yan wasan gida shida a tawagarsa, waɗanda wasu ke rainawa. Washegari ya aiko min da tsohon usur ɗinsa da ƙwallo biyu, ɗaya ma a face take. Da su na fara tara yara goma sha ɗaya a filin firamare. Baba, duk yaron da ya fito daga hannuna, naka ne.

Koyarwa ta fi buga wasa wuya, wannan na gane shi da wuri. Abin da ƙafarka ta sani, sai ka nemo yadda bakinka zai faɗe shi ga yaron da bai karya kumallo ba. Shi ya sa nake ta burin zuwa kwas, kuɗi ne babu. Sai ga shi tsofaffin abokan wasana sun yi karo-karo a ɓoye, mai shayin bakin fili ya sa nasa, mai yi mana facin ƙwallo ya sa nasa. Wallahi da aka miƙo min takardar sunayen, kasa karanta ta na yi har ƙarshe.

Ina godiya ga iyayen da suka amince suka ba ni 'ya'yansu, bisa sharaɗin da muka yi cewa wanda bai je makaranta da Islamiyya ba, ba zai taɓa ƙwallo ba. Na gode wa rafalin da ya busa wasan bai karɓi ko sisi ba, da matan unguwa da suka kawo kunun zaƙi da ruwan sanyi, da matasan da suka share fili suka zuba layi da toka tun da hantsi. Wanda ban ambata ba ya yafe min, yawa ne ya yi yawa. Waɗanda suka zo daga nesa, na ji duk kun isa gida lafiya, Allah Ya bar zumunci.

Yarana, jesin da kuka ba ni mai lamba shida na rataye ta a ɗaki. Atisaye na nan ranar Litinin bayan la'asar, kowa ya zo da gorar ruwansa.