Yini a Mauritshuis, ƙaramin gidan zane na birnin Hague

Daga Amsterdam zuwa birnin Hague a jirgin ƙasa tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Da na sauka sai na taka da ƙafa har bakin tafkin Hofvijver, inda gidan Mauritshuis yake tsaye, jikinsa na taɓa ruwa, maƙwabcin ginin majalisar ƙasar Holan. Asalinsa gidan zaman mutum ɗaya ne, sai a 1822 aka mai da shi gidan ajiye zane. Ɗakunansa ƙanana ne, hawa biyu kacal, don haka mutum kan gama zagaye ƙafarsa ba ta yi tsami ba.

Kowa yana shiga sama yake nufa, wajen yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u da Johannes Vermeer ya zana wajen 1665. Zanen bai kai rabin mita ba. Na jira cincirindon ya lafa na matsa kusa, sai na ga ashe lu'ulu'un da duniya ke zance ɗan shafen farin fenti ne sama da ƙasa, ko maƙalin da zai riƙe shi a kunne babu. Shuɗin ɗankwalinta kuwa daga wani dutse mai tsada da ake haƙowa a Afganistan aka niƙa shi. A 1881 gilda biyu, kuɗin Holan na da, da 'yan canji aka sayi zanen nan a gwanjo.

Na ɗan tsaya gaban tsuntsun Carel Fabritius, ɗaure da siririyar sarƙa a ƙafa. A 1654 ya zana shi, kuma a shekarar ne rumbun albarushi ya fashe a garin Delft ya yi ajalinsa. Na wuce zanen likita Tulp na Rembrandt, na 1632, yana feɗe hannun gawa, masu kallo sun miƙo wuya.

Inda ƙafata ta kafe shi ne gaban wani zanen Rembrandt na 1661: baƙaƙen fata biyu, maza. Na gaban ya ɗan buɗe baki kamar zai yi magana, na bayan ya ɗora haɓarsa a damtsen ɗan'uwansa, idonsa a ƙasa. Masu zanen wancan zamani sun saba sa baƙin mutum a gefe yana riƙe da tire ko linzamin doki. A nan su kaɗai ne a fili, ba ubangida a kusa. Masana na ganin 'yantattu ne da ke zaune a unguwar Rembrandt a Amsterdam. Wallahi na daɗe ina kallonsu, zuciyata ta yi nauyi.

Abin da ya ƙara mata nauyi shi ne gidan da aka rataye zanen. Johan Maurits, mai gidan, ya yi gwamnan yankin Birazil da Holan ta mallaka har zuwa 1644, ƙasar gonakin rake. A 1637 shi ya tura jiragen yaƙi suka ƙwace sansanin Elmina, da ke Gana a yau, daga hannun Turawan Fotugal, domin bayi su riƙa kwarara gonakin. Mutanen gari har laƙabi suka yi wa ginin, gidan sukari. Yanzu masu kula da wurin sun daina ɓoye wannan tarihi, sun ware ɗaki guda suna bayaninsa. Na shiga na karanta allunan ɗaya bayan ɗaya, kafin na sauko na nemi jirgin yamma.