Daga Jidda: Da Mijin Cikin Littafin Nake

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna lafiya, yara na gaishe ku. Masu tambayar farashin dabino da zancen Umara, zan zo kanku.

Tun makon jiya da na soki auren da ke cikin wani littafin Hausa, tambaya ɗaya ke shigo min: "Anti, me marubuciyar nan ta yi miki?" Wallahi ba ta yi min komai ba, ban ma san fuskarta ba.

Sabunta igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ne ya haɗa ni da littafinta. Kwana tara ina zarya. Yau a ce inshorar lafiya ba ta hau na'ura ba, gobe a ce sai kafili, wato wanda ya tsaya mana a ƙasar, ya tabbatar, jibi sunan autana ya sha bamban da na fasfo da harafi ɗaya. Harafi ɗaya tak! Waje rana kamar garwashi, ciki sanyin na'ura har yatsuna sun ƙage, ga lamba a hannu. A zaman jiran nan na saurare shi kaf a waya.

Mijin ciki yana marin matarsa, ya kulle ta, ya ƙwace wayarta, a ce kishi ne. Ƙarshe ya saya mata mota, ita ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Na ce wannan aure bai yi ba. Sai aka ce na ci mutuncin baiwar Allah, wai ina nufin haka gidanta yake.

Mai ba da labarin kura ai ba kura ba ce. Maƙwabciyata 'yar Sudan kullum tana tsine wa mazan wasan Turkiyya da aka juya zuwa Larabci, ba ta taɓa tambayar wa ya rubuta ba, gobe kuma tana gaban talabijin.

Na san inda tsoron sukar littafi ya samo asali. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano, an kira marubuta masu ɓata tarbiyya, yawancinsu mata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ni ban ce a ƙona ba. Tambayata ga aikin ce: me ya sa labarin ya saka wa mari da mota? 'Yata mai shekara 16 tana karantawa. Ku ma in za ku yi gyara, ku ambaci shafin, ku bar auren marubuciya da iyayenta.

Dabino kuwa, ajwa ya fi sukkari tsada. Umara sai wasiƙa ta gaba.

Taku,
Maman yara, Jidda