Shekarar da albasa ta ruɓe mini

Sarin albasa nake yi a Garwa. Ina saye a hannun manoma wajen Maris da Afrilu, lokacin da ta yi araha, in ajiye har damina ta yi nisa kuɗinta ya tashi, sannan in sayar wa masu lodi zuwa Yawunde da Duwala. Buhu talatin zuwa arba'in nake ajiyewa, kuma asirinmu a rufe yake.

Sai wata shekara wani abokin sana'ata ya dasa gini da ribar shekara ɗaya. Tun daga ranar barcina ya ragu. Na tattara jarina kaf, na ɗauki kwasar adashin matata ba tare da na yi shawara da ita ba, na ƙara da rance daga wani ɗan'uwa a coci, na ce bana buhu 150 zan danne.

Kasuwar Pitowa, kusa da Garwa, ranar Lahadi take ci. A da sai an tashi sujada nake hawa babur in je in tsinci abin da ya saura. Wannan karon na koma sammako, mako bakwai ban taka coci ba. Baiko dai ina aikawa ta hannun uwargida, sai ka ce Allah kuɗin rumfa yake karɓa.

A cikin dattawan ikilisiyarmu akwai wani tsoho da ya yi noman albasa a Meskin, kusa da Marwa, tun kafin a haife ni. Wata Litinin ya biyo ni ɗakin ajiya. Ni kuwa da murnata na kwance masa buhu, manya-manya ne suna ƙyalli. Ya ɗauki guda, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya shinshina.

"Ɗana, wannan an ɗura mata takin yuriya, kuma an yi ta ba ta ruwa har ranar cirewa. Dubi wuyan, ɗanye ne. Ta ajiya ƙarama ce mai tauri, wadda aka yanke mata ruwa ta sha iska a inuwa."

Ya ɗaga kai ya kalli rufin kwano da 'yar taga guda, ga buhuna a jibge har sama, ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Da ka durƙusa a kan wannan saye, me ka roƙa?"

Na ce, "Albarka, Baba."

"Albarka, ko riba?"

Na yi dariyar yaƙe, na raka shi bakin hanya. A raina cewa na yi tsoho ya manta yadda ake neman kuɗi.

Ruwan Agusta ne ya tona komai. Wari ya fara riga ni isa ƙofa. Muka zazzage buhunan, ni da uwargida da yara, muna tsince. Ka ɗauki albasa kyakkyawa a ido, yatsanka ya nutse, baƙin ruwa ya biyo maka hannu har gwiwa. Wasu sun yi tsiro zaƙo-zaƙo, ƙuda kuwa ba a magana. Abin da muka tsira da shi bai kai buhu arba'in ba. Ruɓaɓɓen da dare nake turawa juji a amalanke, don kada maƙwabta su gani. Duk kwanakin nan matata ba ta ambaci adashinta ba ko sau ɗaya, kuma shirun ya fi mini zagi ciwo.

Na je wurin Baba ina jiran "ai na faɗa maka". Bai ce ba. Ya miƙo mini Littafi Mai Tsarki ya ce in karanta Luka sura 12, misalin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya. Da na gama ya tambaye ni da wa mutumin ya yi shawara. Na sake dubawa. Daga farko har ƙarshe da kansa yake zance: amfanina, rumbunana, raina. Ba mata, ba maƙwabci, ba Allah. Na sha jin wannan wuri a wa'azi ina hango attajiran gari, ban taɓa zaton mai buhu 150 na bashi zai shiga ciki ba.

Muka koma 1 Sarakuna sura 3, inda Ubangiji ya bayyana ga Sulemanu cikin mafarki a Gibeyon ya ce ya roƙi abin da yake so. Ya roƙi zuciya mai ganewa don ya iya shari'ar jama'a, Allah ya ba shi, ya ƙara masa da dukiyar da bai roƙa ba. Nan take idona ya buɗe, na ce, "To Baba, ashe hikima zan roƙa, kuɗin su biyo baya."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, har yanzu kuɗin kake roƙo, ta bayan gida kawai ka zagayo."

Shi ne ya nuna mini addu'ar Agur a Karin Magana sura 30, mutumin da ya ce kada a ba shi talauci, kada a ba shi dukiya, a ba shi abincin da zai ishe shi, don kada ya ƙoshi ya musanta Ubangiji, ko ya rasa ya yi sata. Gaskiya na daɗe bakina bai iya furta sashen nan na "kada a ba ni dukiya" ba.

Shekara biyu na yi ina biyan bashi, na fara da na matata. Na yi rumfar zana mai katako a ƙasa don iska ta ratsa. Kafin in sayi ko buhu ɗaya yanzu muna zama da ita mu yi addu'a mu yi lissafi, Pitowa kuma sai bayan sujada.

Bara albasa ta yi tsada sosai, ni kuwa buhu 35 gare ni. Da dare na kasa daurewa, na fara lissafa mata abin da 150 za su kawo. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Maigida, gobe da sassafe a juya na rumfar nan, tun shekaranjiya ba a taɓa su ba."