Godiya ga waɗanda suka kwana a kaina

Alhamdulillah. Yau mako bakwai ke nan da aka cire mini tayirod, 'yar halittar nan da ke gaban wuya mai siffar malam-buɗe-littafi. Ɗinki ya warke, murya ta dawo, ga shi har ina rubutu da hannun da ya daina rawa.

Wanda ya gan ni bara ya san yadda na koma. Ina ci ina ramewa, zuciya na dukan uku-uku ko ina zaune, gumi ba dare ba rana, ga saurin fushi da kowa a gida. Wata da watanni ana ce mini damuwa ce. Sai da aka ɗebi jini aka gane tayirod ɗin ce ke zuba sinadarin homon fiye da kima, jiki na ta gudu ba birki. Aka ɗora ni a kan kabimazol don rage sinadarin, da furofaranolol don lafar da bugun zuciya.

Godiyata ta farko ga nas ɗin da ta ba ni maganin. Ta juya katina ta rubuta a bayansa da jan biro: in kin ji zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko gyambo a baki, ki tsayar da kabimazol, ki zo a duba jini a ranar. Ta sa na karanta mata da baki. A raina na ce wannan Sista akwai son dogon bayani. Cikin wata na biyu na tashi da zazzaɓi, haɗiyar yawu ta gagara. Da na so in sha maganin mura in kwanta, sai maigida ya ɗauko katin. Ashe fararen ƙwayoyin jinina, masu yaƙar cuta, sun yi ƙasa warwas. Ba kasafai maganin ke jawo haka ba, amma in ya jawo, jinkiri na iya cin rai. Aka keɓe ni a ɗaki ni kaɗai, aka raba ni da kabimazol har abada, daga nan maganar tiyata ta taso.

Likitoci sun yi aikinsu, Allah Ya saka musu. Amma likita minti goma yake yi a kanka ya wuce, nas ce ke nan har gari ya waye.

Sai mai aikin dare, wadda ko sunanta ban riƙe ba. Dare na biyu bayan aiki, duk zagayen da ta yi sai ta tambaye ni ko leɓena ko yatsuna na yi mini kamar tafiyar kiyashi. Sau biyu ina ce mata a'a, don kar a ce na cika raki. A na uku ta sa yatsa ta ɗan ƙwanƙwasa kuncina, daidai gaban kunne, sai gefen bakina ya motsa da kansa. Ta dube ni ta ce, “Hajiya, ba a ɓoye wa nas ciwo.” Ta kira likita, aka ɗebi jini, aka sa mini kalsiyam ta ƙarin ruwa. Tana gyara robar take gaya mini cewa akwai wasu 'yan ƙananan halittu huɗu a bayan tayirod da ke saita kalsiyam a jini, kuma sukan yi sanyi na ɗan lokaci in an yi aiki kusa da su. Sista, in wannan saƙon ya iso gare ki, na gode, ki kuma yafe mini ƙaryar da na yi miki.

Yanzu abokin zamana lebotiroksin ne, maganin da ke maye gurbin homon ɗin tayirod, ƙwaya guda kullum da safe, har iyakar rayuwa. Da ruwa zalla, ciki ba komai, sai an yi aƙalla rabin awa kafin a sa wani abu a baki, sannan tsakaninsa da kalsiyam ko maganin ƙarin jini awa huɗu. Maigida ya sa wa wayarsa ƙararrawa biyu saboda wannan, na gode Baban yara. Yaya, da kika riƙe mini yara ba ki taɓa nuna gajiya ba, Allah Ya bar zumunci.

Gwajin TSH na makon jiya, wato gwajin jinin da ake duba ko lebotiroksin ɗin ya wadatar, ya nuna sai an ɗan ƙara mini awon maganin, zan koma bayan mako shida a sake dubawa. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri, lokacin muryar ce babu.