Daga Katsina zuwa Daura da kular insulin

Da hantsi muka bar tasha a Katsina, kula, wato akwatin sanyi, tana bisa cinyata, kwalabe ashirin na insulin, allurar masu ciwon suga, a ciki, kowace mililita 10 mai awo 1000. Yaron mota ya so ya jefa ta a but, na hana. But a watan Afrilu tanda ce, shi kuwa insulin furotin ne, dangin farin ƙwai. Zafi ya taɓa shi, ya lalace ke nan, ba ya komawa daidai.

Shirin kular ma da ƙa'ida. Ana fito da robobin ƙanƙara daga firiza a bar su har a ji ruwa na motsi a ciki, a jera a gefe, a sa kwali tsakaninsu da kwalabe, a ɗora ma'aunin zafi. Digiri 2 zuwa 8 ake so. Daskarewa ma ɓarna ce, kuma nan masu kemis da yawa ke kuskure, sai su manna kwalba a jikin ƙanƙara suna ganin gata suka yi mata.

Wajen Mashi wani dattijo mai ciwon suga da ke gefena ya tambaya a hankali, "Malam, da gaske daga alade ake yin allurar nan?"

Na ce, "Baba, dā can ne ake tatsarta daga kayan cikin alade da saniya. Wannan ba ruwanta da dabba."

Na ba shi asalin. A 1976 mutum biyu, Herbert Boyer masanin kimiyya da Robert Swanson mai zuba jari, suka kafa kamfanin Genentech a Kalifoniya ta Amurka. Dabararsu ita ce a dasa ƙwayar halittar da ke ba da umarnin yin furotin a cikin bakteriyar E. coli, a kiwata ta a manyan tankuna, ta yi ta ƙera maganin, sannan a tace. A 1978 suka samar da insulin irin na mutum. Kamfanin magani na Eli Lilly ya karɓi lasisi, a 1982 aka amince da shi da sunan Humulin. A 1985 Genentech ya fitar da maganin girman yara, daga baya Herceptin na kansar mama, har kamfanin magani na Roche ya saye shi baki ɗaya a 2009.

Dattijon ya ce to me ya sa ba a yi insulin na ƙwayar haɗiya ba? Na ce ciki zai narkar da shi kamar tsoka, dole sai allura.

Gidansa ba firij. Na ce ya sa kwalbar a leda ya ɗaure, ya ajiye a ƙaramar tukunya cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, ya rubuta ranar da ya fara huda ta, bayan kwana 28 ya yar. In insulin mai fari-fari ce a kwalbar, a mirgina ta a tafin hannu, kar a girgiza. In ta yi gudaji, ta tashi daga aiki.

Mun shiga Daura kafin azahar. A kemis na buɗe kula, ma'auni na kan digiri 6, muka jera kwalaben a tsakiyar firij, nesa da ƙofa da bangon baya.